Harris Mai Wa'azi da Ƙona Kayan Tsafi a Gaɓar Kwaddibuwa, 1913–1915

1. Gabatarwa

A cikin tarihin yaɗuwar addinin Kirista a Afirka ta Yamma da wuya a sami al'amarin da ya kai na William Wade Harris ban mamaki. Mutumin nan dattijo ne ɗan ƙabilar Girebo ta ƙasar Laberiya. Ba wata mishan da ta aiko shi, ba shi da albashi, ba ya kuwa jin yawancin harsunan mutanen da ya yi wa wa'azi. Ya bar garinsu da ƙafa, ba ko takalmi, cikin watan Yuli na 1913, ya bi gaɓar teku ya nufi gabas. Kafin Faransawa su kore shi a farkon 1915, watau cikin kamar wata goma sha takwas, masana tarihi sun ƙiyasta mutum fiye da 100,000 suka rabu da kayan tsafinsu, suka karɓi baftisma a hannunsa ko a hannun waɗanda ya wakilta. Alhali kuwa limaman Katolika suna ƙasar tun 1895, amma har ya zuwa lokacin mabiyansu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Tambayar da ta kamata mai nazarin tarihi ya yi ita ce, me mutanen nan suka ji a bakin Harris wanda ba su ji a bakin Turawan mishan ba? Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, asirin al'amarin yana cikin maganar tsoro. Mutanen gaɓar suna da wata tambaya guda wadda ta fi kowace damunsu: idan mutum ya jefar da tsafin gidansu, zai kwana da rai? Harris ya amsa wannan tambaya a bainar jama'a, ta hanyar da kowa zai gani da idonsa. Za a kuma duba iyakar wannan amsa, gama tsoro bai ƙare ba ran da aka ƙone gumaka.

2. Halin da ya tarar

Gaɓar Kwaddibuwa ƙasa ce ta tafkuna masu tsawo waɗanda ke kwance a bayan rairayin teku, da kurmi mai duhu a bayansu. Ƙabilu da yawa ke zaune a nan, kamar su Dida, da Abikam, da Aladiyan, da Ajukuru, da Ebiriye. Sana'arsu su, da dafa gishiri, da cinikin manja da Turawan kamfani. Dukansu sun san da Mahalicci, amma sun ɗauka ya yi nisa da al'amuran yau da gobe. Waɗanda ke kusa su ne iskokin tafki da na kogi da na dutse da na kurmi, da kuma kurwar kakanni. Kowane gari da nasa, kowace zuriya da nata, kowane kuwa da mai kula da shi, da hadayarsa, da abubuwan da ya hana ci ko taɓawa.

Ba daidai ba ne a ɗauka wannan tsari ba shi da amfani ga masu shi. Da shi a ke rantsuwa, da shi a ke tsare gona daga ɓarawo, da shi dattawa ke riƙe matasa. Hausawa na cewa tsafi gaskiyar mai shi. Amma fa nauyinsa ba kaɗan ba ne. A wurinsu ciwo da mutuwa ba su zuwa haka kawai. In yaro ya mutu, ko kwalekwale ya kife, ko mace ta yi ɓari, to, ko dai an saɓa wa iska, ko kuwa wani ɗan'uwa ya kama kurwar mutum da maita. Sai a tafi wurin boka, a biya, a yi yanka. A wurare da dama na wannan gaɓa, har da ƙasar Girebo inda aka haifi Harris, wanda aka tuhuma da maita akan ba shi ruwan ɓawon itacen nan da Hausawa ke kira gwaska. In ya amayar ya kuɓuta, in kuwa ya zauna masa a ciki ya mutu, mutuwarsa ta zama shaida a kansa. Saboda haka mutum yana tsoron iska, yana tsoron maƙwabci, yana kuma tsoron kada a wayi gari shi a ke tuhuma.

Ana cikin haka sai mulkin Faransa ya ƙara wani nauyi. An mai da ƙasar mallakar Faransa a 1893, amma sai da Gwamna Gabriel Angoulvant ya zo a 1908 sa'an nan aka shiga murƙushe ƙabilu ɗaya bayan ɗaya da ƙarfin soja. Aka karɓe bindigogi, aka ci tarar garuruwa, aka ɗora haraji, aka kwashi mutane aikin dole da ɗaukar kaya da aikin hanyar jirgin ƙasa. Ƙabilar Abe ta yi tawaye a watan Janairu na 1910, aka karya ta. Mayaƙa sun fita da layu da guraye, an yi musu wanka da magani, duk da haka harsashi ya ci su. Abin lura a nan shi ne, kāshin da suka sha bai sa sun daina tsoron iskokinsu ba. Abin da ya ragu shi ne dogara gare su. Iskar da ta kasa kare gari daga Bafaranshe har yanzu ana ganin tana iya kashe wanda ya ƙi ba ta kaza. Wannan shi ne mafi munin ɗauri, mutum ya ci gaba da bauta wa abin da ya daina sa rai da shi.

3. Asalin Harris

An haifi Harris wajen 1860 a wani ƙauye kusa da Cape Palmas, a kusurwar kudu maso gabashin Laberiya. Yana yaro aka kai shi hannun wani kawunsa, John Lowrie, limamin Metodis, a can ya koyi karatu da rubutu da Girebo da Ingilishi. Da ya girma ya yi aikin jirgin ruwa kamar sauran samarin gaɓar, har ya kai Ikko da Gabon, sa'an nan ya komo ya zama birkila. Ya auri Rose Farr a 1885, daga baya ya koma cocin Episkofal ta Amurka, inda ya zama malamin makaranta da mai koyar da addini. Ya kuma yi wa gwamnati tafinta.

A zamanin nan Girebo ba su ga maciji da gwamnatin Laberiya, wadda ke hannun zuriyar baƙaƙen Amurka da suka komo. Waɗansu Girebo sun fi son su shiga ƙarƙashin Ingila. A watan Fabrairu na 1909 Harris ya kafa tutar Ingila a bakin teku kusa da garin Harper, aka kama shi da laifin cin amanar ƙasa, aka ɗaure. A kurkuku ne, cikin 1910, ya ce Mala'ika Jibrilu ya zo masa, ya umarce shi ya tuɓe tufafin Turawa, ya sa farar riga, ya fita wa'azi. Tun daga ran nan ya ɗauki kansa annabi irin Iliya, wanda ya yi karo da bokayen Ba'al a kan Dutsen Karmel, haka kuma mabiyansa suka riƙa kiransa.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan tarihi. Na fari, Harris ya san Littafi Mai Tsarki ƙwarai, ya yi shekaru da yawa yana koyar da shi. Na biyu, ya tashi a cikin duniyar iskoki da maita da shan gwaska, bai kuwa taɓa ɗaukar su tatsuniya ba. Baturen mishan in ya ga gunki yakan ce itace ne kawai. Mai gunkin kuwa sai ya ce a ransa, ai baƙo ne, iskokin nan ba ruwansu da farar fata. Harris bai ce musu ba kome a cikin tsafi ba. Cewa ya yi akwai, amma ikon Allah ya rinjaye shi.

4. Yadda ya yi aikinsa

Waɗanda suka gan shi sun bar siffarsa a rubuce. Dattijo ne mai farin gemu, da farar riga har ƙasa da farin rawani. A hannu guda yana riƙe da doguwar sandar gora mai gicciye a kanta, a ɗayan kuma Littafi Mai Tsarki na Ingilishi, ga ƙoƙon ruwan baftisma, ga caki. Mata biyu suka fito tare da shi daga Laberiya, Helen Valentine da Mary Pioka, su ma cikin fararen tufafi. In sun iso gari sai su shiga da waƙa suna kaɗa caki, jama'a su taru. Sa'an nan ya yi magana da irin Ingilishin gaɓa, wani ya fassara. Sau da yawa masu fassarar akawunan kamfani ne, Fanti daga Gwalkwas ko mutanen Saliyo, waɗanda da ma Kirista ne.

Wa'azinsa gajere ne. Allah ɗaya ne, shi kaɗai za a bauta wa. A kawo kayan tsafi duka a ƙone. A karɓi baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A kiyaye ranar Lahadi da Dokoki Goma. A bar sata da zina da maita da buguwa.

Wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne tsarin abin da ke biyo baya, gama a nan ne aikin ya ke. Da fari yakan ƙalubalanci bokayen garin su gwada ikonsu a kansa. Ana ba da labarin waɗansu da iska ta hau su a gabansa suna makyarkyata suna ihu, ya ɗora musu Littafi a ka, ya sa su kama sandar gicciye, ya tsawata wa iskar, har su natsu. To, boka shi ne wanda kowa ke tsoro. In an ga shi a durƙushe, rabin aikin ya ƙare. Daga nan sai a tara gumaka da layu da ƙahoni da tukwanen magani a dandali, a cinna musu wuta, ko a zuba su a ruwa. Nan take kuma, ba tare da jinkiri ba, sai baftisma. Mutum ya durƙusa ya kama sandar da hannu biyu, a zuba masa ruwa a ka, a ɗora masa Littafi.

Turawan mishan na zamanin sukan sa mai neman baftisma ya yi shekara biyu ko uku yana koyon katikisma tukuna. Saboda haka waɗansunsu suka zargi Harris da gaggawa. Amma shi ya san abin da su ba su lura da shi ba. Mutumin da ya ƙone tsafinsa da rana, in dare ya yi ba shi da garkuwa. Ba shi iya jiran shekara biyu. A idon jama'a baftisma ita ce sabuwar kariya wadda ta maye gurbin tsohuwar a sa'a guda. An ruwaito cewa da aka yi masa magana a kan haka, ya nuna cewa shi nasa ya kuɓutar da su daga ikon tsafi, koyarwa kuwa waɗansu za su zo su yi.

Sa'an nan sai babbar shaida, watau wayewar gari. Mutane sun kwanta suna jiran fushin iska. Gari ya waye ba wanda ya mutu. Masunta suka shiga ɓangaren tafkin da aka hana shiga, suka komo da kifi. Aka ci abin da aka hana ci, ba abin da ya faru. Gani ya kori ji. Da ya ke kuma gari ɗungum ne ke yin abin tare, da sarki da dattawa da bokaye, ba wanda ya saura a gefe da zai nuna wani da yatsa in ciwo ya zo. Labari ya riƙa riga shi isa garuruwa ta bakin masu kwalekwale, har ƙauyukan cikin kurmi da bai taɓa takawa ba suka riƙa aiko da wakilai, ko su ƙone kayansu da kansu tun bai zo ba.

Harris ya yi hattara kada shi kansa ya zama sabon tsafi. Ba ya karɓar kuɗin baftisma ko na warkarwa, abin da ya bambanta shi da kowane boka da suka sani. An kuma ruwaito cewa in ya ga mutane sun fara ɗaukar iko a cikin sandar ya ke, yakan karya ta ya sari wata. Bai hana maganin itatuwa ba, sai dai ya ce mai magani ya roƙi Allah sa'ad da ya ke tsinkar ganye da sa'ad da ya ke bayarwa. Bai kuma hana waƙoƙinsu na gargajiya ba, ya ce a sa sunan Allah a inda dā a ke yabon sarki ko iska. Mai mata da yawa bai ce ya sake su ba. Ta haka mutum ya rabu da abin da ke ba shi tsoro ba tare da ya rabu da danginsa da harshensa ba.

Amma gaskiya ita ce, wa'azin nasa shi ma da tsoro a cikinsa. Yakan yi kashedi da wuta da azaba ga wanda ya ƙi. Labaru suka bazu na mutanen da suka ɓoye laya suka mutu, da na jirgin da aka yi wa lodi ran Lahadi ya kama wuta. Ko mene ne asalin labarun nan, sun nuna yadda jama'a suka fahimce shi, watau mai iko ne wanda ya fi masu iko. Ga mutane da yawa, matakin fari shi ne babban tsoro ya kori ƙanana. Duk da haka akwai bambanci mai girma. Iskoki suna da yawa, ba a san abin da zai fusata su gobe ba, kowace kuwa da kuɗinta. Allahn da Harris ya yi wa'azi ɗaya ne, dokokinsa goma ne, an san su, ba a kuwa sayen yardarsa da akuya.

5. Kora da shekarun jira

Cikin 1914 Harris ya ƙetare zuwa yammacin Gwalkwas, ƙasar Nzima, har Axim. A can ne lauyan nan J. E. Casely Hayford ya gan shi, ya rubuta ɗan littafi a kansa a 1915. A can kuma ya sami wata mai bautar iskoki, Grace Tani, wadda ta tuba ta bi shi, daga baya ita da John Nackabah suka zama tushen Cocin Manzanni Goma Sha Biyu ta Gana. Da ya komo Kwaddibuwa sai taro ya ƙaru, har ya gana da Gwamna Angoulvant a Bingerville, babban birnin ƙasar a lokacin.

Da fari hukuma ba ta damu ba, gama yana horon mutane su yi aiki su bi na gaba. Amma yaƙi ya tashi a Turai cikin Agusta 1914, aka janye Faransawa da yawa, waɗanda suka rage kuwa suka tsorata da ganin dubban mutane na bin wani baƙo mai jin Ingilishi. A farkon 1915 aka kama shi da matan da ke tare da shi, aka yi musu dūka, aka mai da su Laberiya. Helen Valentine ta rasu ba da daɗewa ba. A wurare da dama aka rushe ɗakunan sujada da mutane suka gina. Ya yi ta ƙoƙarin komawa, ana tsare shi a kan iyaka, har ya rasu a 1929 cikin talauci.

A nan ne aka gane ko abin ya kama ƙasa. Kafin tafiyarsa ya umarci kowane gari ya gina ɗakin sujada, ya zaɓi mai wa'azi da dattawa goma sha biyu su riƙe jama'a, su kuma jira malamai da za su zo da Littafi. Waɗansu ya tura su wurin limaman Katolika, majami'unsu suka cika. Sauran suka zauna kusan shekara goma ba malami. Suna taruwa ran Lahadi, suna waƙa, a waɗansu wurare ga Littafi a kan tebur ba mai iya karanta shi. A tsakanin nan annobar murar 1918, wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa, ta ratsa gaɓar Afirka ta Yamma. Ba shakka akwai waɗanda suka koma wa tsohuwar hanya a shekarun nan. Amma da William Platt, Baturen mishan na Metodis da ke aiki a Dahomi, ya zaga tafkunan a 1924, sai ya tarar da garuruwa bi da bi suna tarye shi da tutoci da waƙa, suna cewa shi a ke jira.

Zaman bai yi daɗi duka ba. Metodis suka kawo maganar mace ɗaya, da kuɗin coci, suka kuma ƙi caki. A 1926 suka aiki Pierre Benoit wurin Harris ya komo da saƙon cewa a bi su. A 1928 kuma waɗanda ba su gamsu ba suka aika nasu wakilai, cikinsu da wani saurayi Ba'ebiriye, John Ahui, wanda ya komo da sandar gicciye, ya zama shugaban cocin da ke ɗauke da sunan Harris. Ta haka gādon mutum guda ya rabu uku, Katolika da Metodis da Harisawa.

6. Tsoron da ya saura

Gunki ana iya ƙone shi, gama a waje ya ke. Maita kuwa, a ganin masu gaskata ta, a cikin mutum ta ke, ba ta da abin da za a jefa a wuta. Bayan an daina shan gwaska an kuma rushe ɗakunan tsafi, yara ba su daina mutuwa ba, 'yan'uwa kuma ba su daina hassada ba, balle da kuɗin koko da kofi suka shigo suka ɗaukaka waɗansu suka bar waɗansu. Saboda haka zargin maita ya ci gaba, waɗansu masu wa'azi da masu warkarwa kuma suka yi ta tasowa a sawun Harris. Marie Lalou ta kafa cocin Deima. Mafi shahara shi ne Albert Atcho, Baharise, wanda tun wajen 1948 marasa lafiya suka riƙa tururuwa zuwa ƙauyensa Bregbo, kusa da Bingerville. A wurinsa majiyyaci yakan furta muguntar da ya ce ya aikata a ɓoye, akawu ya rubuta, sa'an nan a yi masa wanka da addu'a.

Masanin nan Bafaranshe Marc Augé, wanda ya yi nazarin al'amarin Bregbo, ya lura da wani sauyi mai muhimmanci. Dā in ciwo ya kama mutum yakan tambaya, wa ya yi mini? A Bregbo kuwa tambayar ta zama, me na yi? Wannan ya rage nuna maƙwabci da yatsa, amma ya ɗora wa majiyyaci wani nauyi, gama sai ya ɗauki laifin ciwonsa, har ya amsa abin da bai yiwuwa a ce ya aikata.

7. Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, mutanen gaɓar Kwaddibuwa ba gardama ce ta raba su da tsafi ba. Sun rabu da shi ne sa'ad da wani wanda ya san tsoronsu daga ciki ya tsaya a gabansu, ya taɓa abin da ba a taɓawa, ya ba su wata kariya a madadinsa nan take, ya kuma bar musu jama'a da za ta riƙe su bayan ya tafi. Bangaskiyar Kirista, yadda Harris ya kawo ta, ta 'yantar da su daga hadayu da hane-hane da shan gwaska, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin an ba uwarsa ƙoƙon. Ba ta kawar da tsoron maita a tsara guda ba, majami'un da suka gāje shi kuwa sun daɗe suna fama da wannan. Malamin da zai koyar da wannan babi ga ɗalibai ya kamata ya ajiye musu abubuwan nan biyu tare, watau wutar da aka cinna a dandali a 1914, da layin majiyyata a Bregbo bayan shekara arba'in.